La Nu Mai Hannun Ƙarfe, Barden Da Ya Yi Yaƙin Basasa Yana Ƙinsa

Cikin tarihin ƙasar Faransa akwai waɗansu shekaru talatin da shida, watau daga 1562 zuwa 1598, waɗanda mutanen ƙasar suka yi suna yanka juna saboda saɓanin addini. Sau takwas ana ɗaura yaƙi, sau takwas ana yin sulhu, kuma galibin sulhun bai fi a huta a wasa takubba ba. Manyan mayaƙa da yawa sun yi suna cikin wannan zamani, waɗansu don jaruntaka, waɗansu don rashin imani. Amma wanda muke so mu ba masu karatu labarinsa yau wani basarake ne da abokan gabansa suka shaide shi da gaskiya kamar yadda mutanensa suka shaide shi. Faransawa suna rubuta sunansa François de La Noue, a baki kuwa La Nu ake cewa, haka kuma za mu riƙa rubuta shi a nan.

An haifi La Nu a shekarar 1531 kusa da birnin Nant, cikin lardin Biritaniya na yammacin Faransa. Gidansu tsohon gidan sarauta ne mai gonaki da talakawa. Bisa ga al'adar 'ya'yan sarakai na wancan zamani, tun yana yaro aka kai shi fada ya koyi ladabi da hawan doki da riƙon makami, da ya tasa kuma ya tafi Italiya ya yi yaƙinsa na fari cikin rundunar Sarkin Faransa. Da abubuwa sun tafi yadda aka saba, da ya ƙare kwanakinsa yana barden sarki kamar kakanninsa, ba wanda zai tuna da shi.

To, amma a lokacin nan addinin Kirista ya riga ya rabu biyu a Turai. Tun 1517 wani malami Bajamushe, Martin Luta, ya fito yana sukan waɗansu ayyukan Paparoma da ɗariƙar Katolika, daga baya kuma wani Bafaranshe, Jan Kalbin, ya zauna a birnin Janiba yana koyar da irin wannan ra'ayi, yana aika almajiransa cikin Faransa. Mabiya sabuwar ɗariƙar su ne ake kira Furotesta, a Faransa kuwa aka laƙaba musu suna Hugano. Ba su fi kamar mutum ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar ba, sai dai akwai sarakai da attajirai da masu sana'a da yawa cikinsu, saboda haka ƙarfinsu ya fi yawansu. Wajen 1558 wani babban basarake, Andelo, ya zo Biritaniya da masu wa'azi, La Nu ya ji, ya karɓa, bai kuwa sake juyawa ba har ya mutu.

Sarauta ta yi rauni

Abin da ya mai da saɓanin malamai ya zama yaƙi shi ne raunin gadon sarauta. A 1559 Sarki Hanri na biyu ya mutu, tsinin mashi ya shige masa ido wajen wasan dawaki. Ɗansa na fari ya hau yana da shekara goma sha biyar, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Ƙanensa Sharl na tara ya gaje shi yana ɗan shekara goma, mulki ya koma hannun uwarsu Katarina. Manyan gidaje suka shiga kokawar wanda zai riƙe yaron. Gidan Giz suka tsaya a gaban Katolika, Yarima Konde da Kolinyi, wan Andelo, suka tsaya a gaban Hugano. Cikin watan Janairu 1562 Katarina ta ba da doka cewa Hugano su yi ibadarsu a bayan ganuwar garuruwa, don a sami zaman lafiya. Ran 1 ga Maris na wannan shekara mutanen Giz suka tarar da waɗansu Hugano suna ibada cikin wata rumfar hatsi a garin Vassy, rigima ta tashi, aka kashe mutum hamsin ko fiye. Daga nan wuta ta kama.

La Nu ya bi Konde da Kolinyi. Ya rubuta abin da ya gani a wannan yaƙi na fari, kuma akwai abu biyu ciki da suka isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Na ɗaya shi ne halin rundunarsu. Ya ce da farko sansaninsu kamar gidan ibada yake: ba zagi, ba caca, ba mata, ba mai taɓa kazar talaka, safe da yamma ana taruwa ana addu'a. Shi da abokansa suka yi ta murna da wannan horo, amma Kolinyi, wanda ya daɗe yana jan dakaru, ya gaya musu cewa shi bai ga abin zai wuce wata biyu ba. Haka kuwa aka yi. Da suka ci garin Beaugency sai sojojin suka wawashe shi, ba su bar ko gidajen 'yan ɗariƙarsu da ke zaune ciki ba. Daga ranar nan horo ya tafi, bai kuma komo ba.

Na biyu shi ne abin da ya faru a filin Dreux ran 19 ga Disamba 1562, inda aka yi babban karo na fari. Ya ce rundunonin biyu suka ja daga suna duban juna wajen sa'a biyu ba wanda ya motsa, domin kowa ya san waɗanda ke gabansa Faransawa ne kamarsa, akwai abokai da dangi cikinsu, kuma nan da ɗan lokaci sai ya kashe su ko su kashe shi. Da aka gwabza, Katolika suka rinjaya, aka kama Konde. A daren nan Giz ya ci abinci tare da kamammensa, har suka kwana gado ɗaya. La Nu ya rubuta wannan don ya nuna cewa a farkon fitinar da sauran mutunci tsakanin manya. Bayan shekara shida, a filin Jarnac, Konden nan ya faɗi da karyayyar ƙafa, ya ba da kai, sa'an nan wani ya zo ya harbe shi har lahira, aka ɗora gawarsa a kan jaki ana yi mata ba'a. Tsakanin Dreux da Jarnac mai karatu zai auna yadda yaƙin basasa ke cinye kunya.

Yadda ya sami laƙabinsa

Sunan La Nu ya fara fitowa a yaƙi na biyu, cikin 1567, sa'ad da ya shiga babban birnin Orleyan da 'yan mahaya kaɗan ya karɓe shi don Hugano. A 1569 aka kama shi sau biyu, a Jarnac cikin watan Maris, da kuma a Moncontour cikin watan Oktoba, kowane karo kuwa aka yi musanyarsa da wani babban kamamme na Katolika. A 1570 ya ci nasara a lardin Puwatu, amma da ya kewaye garin Fontenay sai harsashi ya farfasa masa hannun hagu, ba makawa sai da aka yanke. Wani maƙeri a birnin La Roshel ya ƙera masa hannun ƙarfe wanda zai iya riƙe linzami da shi. Tun daga nan ake kiransa Mai Hannun Ƙarfe, ya kuma ci gaba da hawa yana yaƙi har shekara ashirin da ɗaya bayan wannan.

Cikin watan Agusta 1570 aka yi sulhu. Kolinyi yana da ra'ayin cewa maganin fitinar gida shi ne a haɗa Katolika da Hugano su tafi taimakon mutanen Holan, waɗanda suka tayar wa Sarkin Sifen. La Nu yana cikin waɗanda suka riga tafiya, a 1572, suka shiga garin Mons, a ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, sojojin Sifen kuma suka kewaye su. Wannan tafiya ita ta tsirar da ransa. Ran 18 ga Agusta aka ɗaura auren ƙanwar sarki da Hanri na Nabar, babban yariman Hugano, manyansu duka suka taru a Paris don biki. Ran 24 ga wata, ranar idin wani waliyyinsu Bartolomi, aka far musu da asuba. Aka kashe Kolinyi a ɗakinsa aka jefo gawarsa ta taga, aka kashe Telinyi, ɗan'uwan matar La Nu, aka kashe dubban mutane a Paris, kisan kuma ya bazu zuwa waɗansu garuruwa har makonni. Cikin watan Satumba Mons ta ba da kai, aka bar La Nu ya fita da ransa.

Tsakanin sarki da La Roshel

A nan ne ya shiga jarrabawar da ta fi kowace tsanani a rayuwarsa. Birnin La Roshel, mai tashar jiragen ruwa a bakin tekun Atlantika, shi ne babbar mafakar Hugano. Da labarin kisan ya iso musu sai suka rufe ƙofofinsu, suka ƙi karɓar gwamnan da sarki ya aiko. Sarki Sharl ya kira La Nu, ya karɓe shi da girmamawa, ya roƙe shi ya tafi ya shawo kan mutanen birnin. Sai mu duba irin wannan hali. Sarkin da aka kashe shugabansa da surukinsa da sunansa, shi ne ke neman ya zama manzonsa. In ya ƙi, rundunar sarki za ta tafi, a ganinsa kuwa birnin ba zai iya tsaya mata ba, abin da ya faru a Paris zai sake faruwa. In ya yarda, mutanensa za su ce ya sayar da su. Ya yarda, bisa sharaɗin kada a mai da shi tarkon da za a yaudari mutanen birnin da shi.

Ya isa cikin watan Nuwamba 1572. Masu tarihi sun rawaito cewa wakilan birnin suka yi kamar ba su gane shi ba, suka ce La Nun da suka sani ba ya zuwa da saƙon masu kashe 'yan'uwansa, sai da ya nuna musu hannun da ya rasa wajen yi musu yaƙi. Daga baya suka ce in da gaske yana tare da su, to, ya shigo ya shugabanci mayaƙansu. Ya nemi izinin wakilan sarki, aka ba shi, bisa fatan zai yi amfani da matsayin ya jawo su ga sulhu. Sai aka sami wani abin mamaki wanda ba safai ake ganin irinsa ba: mutum ɗaya yana jan mayaƙan birni su fita su kai wa sansanin sarki hari da rana, sa'an nan ya komo majalisar birni yana roƙonsu su daidaita da sarkin nan. Ya gyara musu ganuwa, ya horar da dakarunsu, bai ha'ince su ko sau ɗaya ba. Haka kuma bai ɓoye musu ra'ayinsa ba.

Masu zafin rai na birnin, musamman waɗansu limamansu, suka ƙi jin maganar sulhu. An ce wata rana wani tsohon limami ya bi shi yana zaginsa har ƙofar gida, ya kwaɗa masa mari. Barden da ya ga filayen yaƙi da yawa ya hana yaransa taɓa tsohon, ya sa aka mai da shi gida wurin iyalinsa. Da ya tabbata ba zai iya cika wa sarki alkawarin kawo sulhu ba, ba zai kuma iya cin amanar birnin ba, sai ya ajiye shugabancin cikin watan Maris 1573, ya fita zuwa sansanin sarki ya zauna bai ɗaga makami a kan birnin ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna La Nu ya yi kuskuren lissafi a abu ɗaya, domin La Roshel ba ta faɗi ba. Ƙanen sarki, Hanri na Anju, ya yi ta kai hari ana kora shi, ya yi hasarar mutane masu yawa, da aka zaɓe shi Sarkin Folan kuwa sai ya sami dalilin janyewa. Cikin watan Yuli 1573 aka ba La Roshel da garuruwan Nim da Montoban izinin yin ibadarsu. Waɗanda suka ƙi sulhu suka ce ai ga shi, taurin kai ya yi rana. Shi kansa La Nu, da ya ga fada ba ta da niyyar riƙe alkawari, a 1574 shi ne ya komo ya ja mutanen La Roshel zuwa sabon yaƙi. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauke shi waliyyi wanda hannunsa bai taɓa jini ba. Soja ne, ya kashe, ya sa an kashe. Abin da ya raba shi da sauran shi ne, kowane gefe ya san in ya faɗi magana, to, ita ce.

Shekara biyar a kurkuku

Bayan an sake yin sulhu a Faransa ya koma Holan ya zama ɗaya daga manyan shugabannin rundunar masu tayarwa. Cikin watan Mayu 1580 sojojin Sifen suka kama shi kusa da Ingelmunster, suka kai shi kurkukun Limburg, wani tsohon gini mai danshi da sanyi. Sun san darajarsa, don haka suka ƙi sakinsa shekara biyar cur. Yana can ɗansa Odet ma ya faɗa hannunsu a 1584. Sai a 1585 suka yi musanyarsa da Egmont, wani babban basarake na gefensu, bayan sun sa shi ya rantse ba zai sake ɗaukar makami a kan Sarkin Sifen ba, an kuma ɗora masa lamunin kuɗi mai nauyi. Alkawari kaya ne, La Nu kuwa ya ɗauki nasa da nauyinsa, har ma a 1588, sa'ad da ya tashi kare garin Sedan, sai da ya buga takarda ya bayyana wa duniya dalilin da ya sa yake ganin wannan bai karya rantsuwarsa ba.

A kurkukun nan ne ya rubuta littafin da ya sa ake tunawa da shi. Babi ashirin da shida ne a kan mulki da yaƙi, an buga shi a 1587, ba da daɗewa ba kuma aka juya shi da Ingilishi da Jamusanci. Ya fara da tambayar ko Faransa za ta rushe, ya ce cututtuka uku ke cinta: rashin tsoron Allah, da zalunci, da lalacewar hali. Ya lura cewa yaƙin da aka ɗaura da sunan addini ya haifi ɗimbin mutanen da ba ruwansu da kowane addini. Ya keɓe babi guda yana tsawata wa masu saurin ƙin maƙwabcinsu da la'antarsa don sun saba wajen ibada, ya ce wanda kake gani ya ɓata hanya har yanzu maƙwabcinka ne, hakkinsa yana wuyanka, koyarwa da haƙuri ne maganinsa. Ya kuma gargaɗi gefen biyu game da kiran baƙi su taimake su, domin Hugano suna hayar mahaya daga Jamus suna neman kuɗi daga Ingila, Katolika kuma suna dogara ga Sifen, kowane baƙo kuwa da tasa bukata ya zo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malaman makaranta za su so su ji abin da ya ce game da tarbiyya. A ganinsa jahilcin 'ya'yan sarakai yana cikin tushen fitinar, domin yaron da bai iya kome ba sai takobi, dole ya so yaƙi, tun da shi ne abincinsa. Ya ba da shawara sarki ya kafa manyan makarantu huɗu a manyan garuruwan ƙasa, inda za a koya wa samari hawan doki da makami tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da harsuna. Ya soki al'adar fito-na-fito, wadda samari biyu kan kashe juna a kan 'yar magana, ya kuma soki littattafan tatsuniyoyin jarumai da matasa ke haɗiya a lokacin, ya ce suna cika musu kai da ƙarya da son ramuwa. Ta wajen sana'arsa ta soja kuma ya nuna cewa mahaya masu ƙananan bindigogi da ke tafiya a dunƙule sun fi ƙarfin barade masu masu da ke jeruwa sahu ɗaya, maganar da ba ta yi wa sarakan zamaninsa daɗi ba.

Akwai kuma inda tunaninsa bai wuce na zamaninsa ba, ya kamata mu faɗa. Cikin littafin nan ya ba da shawara sarakunan Kirista su daina faɗa da juna su haɗa kai su yaƙi Daular Usmaniyya ta Turkawa, har ya tsara yadda za a yi. Watau haƙurin da ya nema tsakanin Katolika da Furotesta bai miƙa shi ga waɗanda ke wajen addininsa ba, maganin yaƙi a wurinsa wani yaƙin ne a ƙofar wani. Ba wanda ya bi wannan shawara.

Ƙarshensa

A 1589 aka kashe Sarki Hanri na uku, watau Hanri na Anju na dā, gado ya faɗo kan Hanri na Nabar, wanda ya zama Hanri na huɗu. Ƙungiyar masu tsananin ra'ayin Katolika, da goyon bayan Sifen, suka ce ba za su bi sarki Bahugane ba. La Nu, yana kusa da shekara sittin, ya riga ya koma fagen fama. Cikin watan Mayu na wannan shekara ya ci ƙungiyar a Senlis, inda wani saurayin basarake Bakatolike wanda ya fi shi muƙami ya sakar masa jan rundunar don girmama saninsa. Ya bi sabon sarki zuwa Arques da Ivry da kewayen Paris. A 1591 aka aike shi lardinsa na haihuwa. Wajen kewaye garin Lamballe ya hau tsani don ya duba inda igwa ta fasa ganuwa, harsashi ya same shi a ka, ya faɗo. Ya rasu ran 4 ga Agusta 1591 a wani gari na Biritaniya mai suna Moncontour, sunan da ya zo ɗaya da na filin da aka taɓa kama shi. Mashahurin marubucin nan Montaigne, wanda shi Bakatolike ne, ya lissafa kirkin La Nu da taushin halinsa cikin abubuwan mamaki na zamaninsu, ganin cewa mutumin ya tashi ya tsufa cikin yaƙin da ya zama makarantar cin amana da fashi.

Bai ga ƙarshen fitinar ba. A 1593 Hanri na huɗu ya koma Katolika don ya sami ƙasar, a 1598 kuma ya ba da dokar da ta ba Hugano 'yancin riƙe addininsu da yin ibada a wuraren da aka ƙayyade, da shiga makarantu da aikin gwamnati. A birnin Nant aka sa mata hannu, kusa da inda aka haifi La Nu. Abin da aka amince da shi a 1598 bai yi nisa ƙwarai da abin da aka ƙi a watan Janairu 1562 ba, sai dai an biya kuɗinsa da jinin shekara talatin da shida. Dokar ma ba ta dawwama ba, domin a 1685 Sarki Luwi na goma sha huɗu ya soke ta, Hugano wajen dubu ɗari biyu suka bar ƙasar da sana'o'insu da dukiyarsu, Ingila da Holan da Jamus suka amfana.

Mun kawo wannan labari ne domin galibin littattafan tarihi sun fi ba da wuri ga waɗanda suka ci ƙasashe, alhali kuwa mutum kamar La Nu, wanda aka kama shi sau uku, ya rasa hannu, nasa suka mare shi, abokan gaba suka tsare shi, yana da abin koyarwa da ya fi nasu. Duk wanda aikinsa ya sa shi tsakanin mai mulki da jama'a, ko tsakanin ɓangarori biyu masu gaba, zai gane nauyin da ya ɗauka a La Roshel, inda kowane gefe yake so ya yi masa ƙarya don amfaninsa, shi kuwa ya ƙi. Bai sami sulhun da ya nema a ranar ba. Amma da sarki ya rasa wanda mutanen birnin za su saurara, shi ya nema, da mutanen birnin kuma suka rasa wanda za su danƙa wa ganuwarsu, shi suka ba.